Daga Bakin Direba Zuwa Tafin Hannu: Tarihin Tafiyar Labari Tsakanin Arewa da Kurmi

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Mu da karatu ko aiki ya raba mu da gida, muke zaune a garuruwan Kurmi, mun fi kowa sanin darajar labarin gida. A yau ɗalibi yakan fito daga ɗakin lacca ya ga fuskar mahaifiyarsa a tafin hannunsa, alhali tana Funtuwa ko Azare, kuma ba ya ganin wani abin mamaki a ciki. Amma kakansa da ya zo fataucin goro Shagamu yakan yi wata biyu bai ji ko an haihu ko an mutu a gidansa ba. Nufinmu a wannan maƙala shi ne mu bi sawun labari tsakanin Arewa da Kurmi, tun daga zamanin manzo da wasiƙa har zuwa zamanin wayar hannu da shafukan sada zumunta, mu ga abin da muka samu a hanya, da kuma abin da ya zube mana ba mu ankara ba.

Zamanin ƙafa da alƙalami

Kafin zuwan Turawa, labari ba ya wuce saurin doki. A cikin gari akwai sanƙira da mai shela, akwai tambari da kuge, kowannensu da saƙon da jama'a suka san yana ɗauke da shi. Tsakanin gari da gari kuwa sai manzo, ko ayarin fatake, ko almajirai masu yawon neman ilimi. Daular Sakkwato ta kafa tsarin wasiƙu mai ƙarfi a ƙarƙashin ofishin Waziri, inda sarakunan Kano da Zazzau da Katsina da Bauchi da Adamawa suke rubuto wa Sarkin Musulmi da Larabci, a buga hatimi, a ba amintaccen manzo. Lokacin da sojojin Ingila suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, sun tarar da tarin irin waɗannan wasiƙu a gidan Waziri Buhari, kuma daga baya, a 1927, wani jami'in mulkin mallaka mai suna Backwell ya buga fassarar wasu daga cikinsu. Mu riƙe wannan batu, domin za mu dawo gare shi: wasiƙar da aka rubuta a kan takarda fiye da shekara 120 da suka wuce tana nan ana karanta ta.

Turawa sun zo da tasu dabarar. A 1886 aka haɗa Ikko da Landan da wayar tangarahu ta ƙarƙashin teku, kuma layin ya biyo bayan sojojin Lugard zuwa Jebba da Lakwaja da Zungeru, har ya kai Kano da Sakkwato. Daga wannan igiyar ƙarfe da ke rataye a kan turaku Bahaushe ya sami kalmar waya. Daga ita ya ƙirƙiri gidan waya, da buga waya, da wayar iska, har zuwa wayar hannu ta yau wadda ko tsinken waya babu a jikinta. Sai dai an shimfiɗa tangarahu ne domin Gwamna ya ji labarin Razdan, Razdan ya ji labarin Di'o. Talaka bai shiga lissafin ba.

Abin da ya taɓa rayuwar talaka shi ne jirgin ƙasa, wanda layinsa ya isa Kano a 1911. Da shi goro ya riƙa hawa Arewa, shanu suna gangarowa Kudu, zangunan Hausawa suka bunƙasa a Badun da Agege da Shagamu da sauran garuruwa. An kafa unguwar Sabo ta Badun a 1916. Wani masani mai suna Abner Cohen, wanda ya zauna da mutanen Sabo a farkon shekarun 1960, ya nuna a littafin da ya buga a 1969 cewa rabin sirrin wannan fatauci labari ne. Goro abu ne mai saurin lalacewa, farashinsa kuma yana hawa yana sauka, saboda haka wanda ya riga jin halin da kasuwar Kano take ciki shi ne ya ci riba. Maigida a zango yana da malamin da ke rubuta masa wasiƙa da ajami, yana da yaran da ke bin huhunan goro, yana da direbobin da ya amince da bakinsu. Ke nan tashar mota ita ce gidan jarida, direba kuma shi ne mai karanta labarai.

Rediyo, kaset da layin NITEL

A watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Abubakar Imam yana editanta. Sunan jaridar ma kansa shaida ne cewa yaƙi da jita-jita ya girmi kakannin Facebook. Bayanta sai rediyo ya karɓi fage: Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, gidan rediyon Kaduna a 1962, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979. Ta hanyar shirye-shiryen gaishe-gaishe irin su Zaɓi Sonka, mai gadi a Ikko yakan aika kati a ambaci sunan iyayensa da abokansa a ji har ƙauyensu. Idan muka duba da kyau, a nan ne Bahaushe ya fara ɗanɗana abin da ake kira sada zumunta ta na'ura, har ma aka sami waɗanda suka yi suna a faɗin ƙasa ba don komai ba sai don yawan jin sunayensu.

Wanda bai iya rubutu ba, kuma ba ya son malamin wasiƙa ya ji sirrinsa, sai ya sami mafita a kaset. Ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, ya danna rakoda, ya gai da kowa da sunansa, ya faɗi yadda za a raba kuɗin da ya aiko, ya naɗe kaset ɗin a takarda ya kai tasha. A gida a taru a tsakar gida a saurara, a juya bayan kaset ɗin a ɗauki amsa.

Tarho kuwa yana nan, amma sai dai gani daga nesa. Lokacin da Nijeriya ta sami 'yancin kai a 1960, layukan tarho ba su kai 19,000 ba, a ƙasa mai mutum sama da miliyan 40. An kafa NITEL a 1985, aka kafa Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, a 1992, amma har zuwa 2001 layukan da ke aiki ba su wuce kimanin 400,000 ba, ga jama'ar da ta haura miliyan 100. Manyan malamanmu suna tuna yadda akan yi sammako zuwa ofishin tarho, a bi dogon layi, a kira gidan wani attajiri a garinsu, a roƙi a aika yaro ya kira mahaifi, sa'an nan a sake bin layi bayan sa'a guda. Samun layi a gida kuwa sai mai uwa a gindin murhu.

Shekarar 2001

A watan Janairu na 2001, a zamanin mulkin Olusegun Obasanjo, hukumar NCC ƙarƙashin Ernest Ndukwe ta yi gwanjon lasisin wayar salula a Abuja. Kowane lasisi ya tashi a kan dalar Amurka miliyan 285. A watan Agusta na wannan shekara kamfanonin Econet da MTN suka fara sayar da layi. Da farko abin na masu hannu da shuni ne. Layi kaɗai yakan kai naira 20,000 ko fiye, a lokacin da mafi ƙarancin albashin ma'aikacin gwamnatin tarayya yake naira 7,500. Kiran minti ɗaya naira 50 ne, kuma ko daƙiƙa biyar mutum ya yi, kuɗin minti cikakke za a cire. Mai waya yakan rataye ta a ƙugu, ya ɗaga murya idan yana magana, domin kowa ya shaida.

Abin ya sauya a 2003 da shigowar Globacom, kamfanin Mike Adenuga, wanda ya fara cajin kira da daƙiƙa. Sauran kamfanoni suka bi sahu ba da son ransu ba, farashin layi ya yi ta faɗuwa har ya zama kusan kyauta. Econet ya yi ta sauya suna, daga Vmobile zuwa Celtel zuwa Zain, har ya zama Airtel a 2010, Etisalat kuma ya shigo a 2008, ya koma 9mobile a 2017. A 2020 yawan layukan da ke aiki ya haura miliyan 200, ko da yake ya ragu daga baya da aka rufe layukan da ba a haɗa da lambar shaidar ɗan ƙasa ba.

Cikin 'yan shekaru sababbin sana'o'i suka tsiro: mai lema da tebur a bakin titi yana sayar da kira, mai sayar da kati, mai cajin batir da ɗan janareto, mai gyara, da mai tura waƙoƙi da finafinai. Harshe ma ya yi sababbin baƙi, irin su filashin da kiredit da sabis da caji. Samari da 'yan mata suka koma hirar tsakar dare saboda kiran kyauta, iyaye suna barci zance yana gudana a ƙarƙashin bargo, abin da ya rushe wani shinge da al'ada ta daɗe da ginawa tsakanin dandali da ɗaki.

A fagen kasuwa kuwa, abin da Cohen ya gani a Sabo ya juye. Labarin farashi, wanda a da yake hannun maigida da dillali, ya koma hannun duk mai naira 100 ta kati. Wata masaniyar tattalin arziki, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na Jamhuriyar Nijar daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100 a wuraren da sabis ya isa. Dalili a fili yake: ɗan kasuwa ya daina ɗaukar kaya ya tafi da ƙaddara, sai ya kira ya ji tukuna. Abin da ya faru da gero a Maraɗi da Damagaram shi ne ya faru da tumatir da albasa tsakanin Kano da kasuwar Mile 12 ta Ikko.

Daga kira zuwa shafuka

Mataki na biyu shi ne shigar intanet cikin waya. A 2010 manyan wayoyin ƙarƙashin teku guda biyu, Main One da Glo-1, suka fara aiki a Ikko, shekara 124 bayan waccan ta farko, kuɗin shiga intanet ya fara sauka. Wayoyin Sin masu rahusa, musamman Tecno da itel, suka cika kasuwa. Matasa suka fara da 2go, 'yan gayu suka riƙe BlackBerry, daga nan kowa ya kwarara Facebook da WhatsApp. 'Yan siyasa ba su yi barci ba: a watan Satumba na 2010 Shugaba Goodluck Jonathan ya bayyana takararsa a shafinsa na Facebook. Zanga-zangar janye tallafin mai ta Janairun 2012, da kiran a ceto 'yan matan Chibok 276 da aka sace a Afrilun 2014, da zanga-zangar neman rushe rundunar SARS a Oktoban 2020, duk waya ce ta yi musu sanƙira.

Ga Bahaushe, babban juyi ya zo ne a 2013, lokacin da WhatsApp ya shigo da saƙon murya. Kaset ɗin nan na tasha ne ya dawo, sai dai yanzu ba ya jiran direba. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba ta shiga zance kai-tsaye, haka makiyayi a ruga, haka ɗan acaɓa a Ikko. A shekarar ce kuma Google ya sa Hausa cikin harsunan da yake fassarawa, Facebook ya biyo baya da shafinsa na Hausa a 2016. Marubutan littattafan soyayya, waɗanda a shekarun 1990 suke kai kayansu kasuwar Kano, da yawansu sun koma sakin labari shafi-shafi a zaurukan WhatsApp, mai karatu ya biya ta banki a sa shi a zaure. Mafi yawansu mata ne, kuma da yawa ba su taɓa taka maɗaba'a ba.

Kowane allazi da nasa amanu

Ba waya ce ta haifi jita-jita ba. A watan Yuli na 1999, kafin zuwan salula, rikici ya ɓarke a Shagamu, kuma motocin da suka kwaso waɗanda suka tsira ne suka kai labarin Kano, inda aka yi ramuwar gayya a kan mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Amma a wancan lokaci labari yakan kwana a hanya, hukuma da dattawa suna da 'yan sa'o'in da za su yi wani abu. Waya ta cinye waɗannan sa'o'i. Bugu da ƙari ta zo da hoto, mu kuwa mun tashi da cewa gani ya kori ji.

A watan Agusta na 2014, lokacin cutar Ebola, saƙo ya zagaya ƙasar nan cikin dare ɗaya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Aƙalla mutum biyu suka mutu, wasu da dama suka kwanta asibiti. A watan Yuni na 2018, lokacin kashe-kashen Jihar Filato, an yaɗa hotunan gawarwaki a Facebook, 'yan sanda suka ce sun ƙara rura wutar, binciken da BBC ta yi daga baya kuma ya nuna cewa wasu hotunan tsofaffi ne, wani ma daga wata ƙasa aka ɗauko shi. Mu mazauna Kurmi wannan ya fi shafa, domin duk hoton ƙarya da aka saki a Arewa ko a Kudu, baƙo ne yake fara biyan kuɗinsa. Waɗanda suke Badun lokacin rikicin kasuwar Shasha a Fabrairun 2021 sun san yadda waya takan zama abin ceto da abin tsoro a rana ɗaya: da ita ake sanar da gida cewa ana raye, da ita kuma ake aika abin da zai hana wasu kwana lafiya a wani gari.

Hukuma ma ta gane ƙarfin abin. A watan Mayu na 2013 an katse layukan waya a Barno da Yobe da Adamawa saboda yaƙi da Boko Haram. A watan Satumba na 2021 an yi haka a Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna saboda 'yan bindiga, waɗanda su ma da wayar suke cinikin kuɗin fansa. Mutane suka koma ba direba wasiƙa, wasu suka riƙa tafiya wata jiha domin su yi kira ɗaya. A shekarar ce kuma gwamnatin Muhammadu Buhari ta dakatar da Twitter, wanda yanzu ake kira X, daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. A Kano, bidiyon wata 'yar fim da ya yaɗu daga waya zuwa waya a 2007 ya jawo dakatar da shirya finafinai na tsawon watanni, a 2022 kuma kotu ta yanke wa wasu matasa biyu bulala saboda barkwancin da suka yi wa gwamna a TikTok. Har yau ba mu gama shawo kan tambayar ba: ina iyakar bakin mutum, kuma wa ke da ikon shata ta?

Rabon harshe

A matsayinmu na ɗaliban Hausa, akwai ɓangaren da ya fi kusa da mu. Ba a taɓa rubuta Hausa da yawa kamar yadda ake rubuta ta yanzu ba, kuma ba a taɓa rubuta ta da sakaci kamar yanzu ba. Haruffa masu lanƙwasa, waɗanda aka tsayar tun shekarun 1930 a zamanin Rupert East, ba su sami gurbi a madannan wayoyin farko ba. Gajeren saƙo kuma harafi 160 ne kacal, kowane ƙari da kuɗinsa. Saboda haka aka saba da cin haruffa: slm a maimakon sallama, ykk a maimakon yaya kake, xan xo a maimakon zan zo, qasa a maimakon ƙasa. Baƙi ya zama baki, ɓata ta zama bata, ƙafa ta zama kafa, ɗaki ya zama daki. Raba kalmomi kuwa ya zama sai yadda hali ya yi. Uzurin ya ƙare tun tuni, domin wayoyin zamani suna da madannan Hausa, saƙo kuma ba shi da iyaka, amma ɗabi'ar ta zauna, har tana biyo ɗalibai cikin takardar jarrabawa. Wani abin lura shi ne, na'urorin fassara da na ƙirƙirarriyar basira daga abin da muka rubuta suke koyon Hausa. Abin da muka shuka a shafuka shi za su girbe su mayar wa jikokinmu.

Kammalawa

Mun ce za mu dawo ga wasiƙun gidan Waziri. Mai nazarin tarihin ƙarni na 19 yana da inda zai je: Gidan Adana Kayan Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, da Gidan Arewa, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Mai nazarin shekarun 1940 yana da kundayen Gaskiya Ta Fi Kwabo. To, wanda zai zo nan da shekara 50 yana neman yadda Hausawan zamaninmu suka yi zance, suka yi soyayya, suka yi gardamar siyasa da addini, ina zai dosa? An rufe manhajar hira ta BlackBerry a 2019. Kamfanin Yahoo ya rufe zaurukansa a 2020, tare da muhawarorin da marubuta da manazarta finafinan Hausa suka yi shekaru suna tafkawa a ciki, sai abin da wani mai hangen nesa ya kwafe ya adana. Kaset ɗin tasha yakan kwana a ƙasan adaka shekara 30, amma saƙon murya yakan tafi ranar da waya ta faɗa ruwa. Rumbun da muke zuba tarihinmu a ciki ba namu ba ne, na wasu kamfanoni ne a Amurka da Sin, kuma ranar da ciniki ya daina biya za su sa masa kwaɗo.

Saboda haka muna ganin akwai aiki a gaban wannan sashe namu. Ya kamata ɗaliban da ke neman batun kundin digiri su shiga Sabo da sauran zanguna, su zauna da tsofaffin direbobi da malaman wasiƙa da masu lemar kira tun suna raye, su ɗauki bayaninsu. Ya kamata a nemi tsofaffin kasakasai da wasiƙun ajami da ke hannun iyalai, a kwafe da izinin masu su. Littattafan da ake saki a zaurukan waya su ma adabi ne, a tattara su, a rubuta sunan marubuci da shekara, kamar yadda magabatanmu suka yi wa littattafan kasuwar Kano lokacin da wasu suke yi musu kallon raini. Sa'an nan kowannenmu ya ɗora wa kansa abu biyu masu sauƙi: ya sa wa ƙ da ɗ da ɓ lanƙwasarsu ko da a gajeren saƙo ne, kuma kafin ya tura labari ya tambayi kansa wa ya faɗa, yaushe, a ina. Direban da ya kawo wa kakanninmu labari sananne ne, idan ya yi ƙarya gobe za a tare shi a tasha. Yanzu kowannenmu ne direban, kuma magana zarar bunu ce.